Ni ba mai unguwa ba, ba kansila ba, amma komai ni ake kira: in ajiye ko in nemi kujera?

Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah a sakaya sunana. Ni tela ne, shekarata 32, ina zaune a wata unguwa a gefen birnin Kano. Burtsatsen unguwarmu ya lalace tun bara, sumo, wato injin da ke jawo ruwan, ya ƙone, mata da yara suna ta shan wahala masu garuwa kuma kullum ƙarin kuɗin jarka. Da na gaji da jiran a gyara sai na tara samari muka bi gida gida kowa ya kawo abinda ya sawwaƙa, muka sayi sabo aka saka, daga nan muka yashe kwatoci kafin damina. Tun daga lokacin komai ya faru ni ake kira, ko faɗan yara ne. To yanzu mai unguwa ya daina amsa gaisuwata yadda ya saba, an ce min yace wai waye ya naɗa ni. Wasu na cewa kansila nake nema, wani ma ya rubuta a gurup ɗinmu na WhatsApp wai a faɗa musu ina canjin kuɗin sumo, alhali wallahi har kuɗina na cika. Samarin ma yanzu in na kira aiki rabi ne ke fitowa kuma bani da ikon yiwa kowa komai. Abokaina sunce mu kafa ƙungiya da rijista a naɗa ni ciyaman kowa ya shiga taitayinsa, matata kuma tace in cire hannuna gaba ɗaya in koma kan kekena. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maka da alheri kan ruwan nan, ba ƙaramin aiki kukayi ba. Amma amsata kam kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun yadda aka kawo maka su. Abokanka suna ganin matsalarka rashin kujera ne, maiɗakinka tana ganin matsalar shiga abinda ba'a saka ba ne, ni kuma abinda na gani a wasiƙarka shine mutane sun ara maka yardarsu, kai kuma kana riƙe da ita kamar wanda aka bawa takardar naɗi. Wanda aka naɗa yana iya cewa ayi, a yi ko ana so ko ba'a so. Kai baka da wannan, roƙo kawai kake da shi da kuma abinda mutane suka gani da idonsu, ranar da suka daina gani shikenan an gama.

Bari in fara da maganar kuɗi dan ita ce mai kisa. Wancan da ya rubuta ina canji, na san ya ƙona maka rai, ƙila ma da gangan yayi, ƙila ko sisi bai bayar ba, irinsu basa ƙarewa. Duk da haka tambayar tana kan hanya. Kace wallahi har kuɗinka ka cika, na yarda da kai, to amma rantsuwa ba lissafi bace. Nawa aka tara, gida nawa suka bayar, nawa aka sayi sumo, nawa mai gyara ya karɓa, wayar wuta da fayif da kuɗin adaidaita da aka ɗauko kayan nawa ne, ina rasit ɗin shagon? In baka taɓa zama ka rubuta wannan ka nunawa jama'a ba to kai ka buɗe ƙofar da kanka. Ka tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi matarsa Safiyya ta kawo masa ziyara da dare, ya fito zai rakata sai wasu mutum biyu cikin Ansaru suka gansu suka ƙara sauri, ya tsayar dasu yace musu Safiyya ce 'yar Huyayyu. Suka ce subhanallah ya Manzon Allah, wato mu zamu zarge ka? Yace shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar yadda jini ke gudana. To in wanda babu mai tsarkinsa ya tsaya ya kore zargi tun kafin a furta shi, ni da kai bamu da hujjar cewa ai sun san halina. Kuma ayar da tafi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta mu'amalar kuɗi ta sauka da kafa shaidu.

Saboda haka ka samu fallen takarda ɗaya, abinda ya shigo a sama, abinda ya fita a ƙasa, abinda ka cika da aljihunka shima ka rubuta shi da sunanka da adadinsa kar kace kunya. Kayi hoton rasit ɗin, in ka yar da shi ka koma shagon su sake rubuta maka. Ka manna kwafi ɗaya a ƙofar masallaci inda ake ajiye takalma, ɗaya ka tura gurup, littafin da ke da sunan kowa da abinda ya bayar kuma ya zama duk mai so zai iya zuwa ya duba nasa. Abinda bana so kayi shine ka fitar da sunayen waɗanda basu bayar ba, akwai gidan marayu a ciki, akwai wanda ranar ko na cefane bashi da shi, tozarta su zai mayar da kai mai karɓar haraji. Kuma kada ka saka wa mai tambayar nan habaici a ƙasan takardar, ko "ga masu neman canji nan" kada ka rubuta. Ka tura kace jama'a ga lissafi, wanda ya ga kuskure dan Allah ya gyara mana. Zai fi jin wannan a jikinsa fiye da duk wata baƙar magana.

Daga yau kuma kuɗin jama'a kada ya sake shiga asusunka, ko na minti biyar. Ka san yadda abin yake, wani ya turo dubu biyu ta burtsatse, kwastoma ya turo kuɗin ɗinki, alat ya haɗu, ka ciri na zare a POS, bayan wata biyu kai kanka baka iya rabewa. Mutanen kirki da yawa ta nan sunansu ya ɓaci ba tare da sun ci ko kwabo ba.

Sai mai unguwa. Na karanta wasiƙarka ina neman inda zakace kafin ku fara bin gidaje kun je kun sanar dashi, ban gani ba. In hasashena daidai ne to fushin dattijon nan ba hassada bace zalla, kuma ina so ka fahimci inda yake masa ciwo. A zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, sarauta tana da haƙora, akwai 'yan doka, akwai kotunan alƙalai da gidan yari duk a hannun masarauta, haraji da jangali kuma ta hannun dagatai da masu unguwanni ake bi a tara su. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da mulkin yau da kullum hannun majalisun ƙananan hukumomi, a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano, tsarin mulkin 1999 kuma bai rubutawa sarakunan gargajiya wani aiki ba. Kaga kenan mai unguwarku shima kusan irin jagorancinka yake yi, ba ɗan sanda gareshi ba, ba baitulmali ba. Abinda ya rage masa shine a zo a gaishe shi, a sanar dashi kafin ayi abu, a kawo masa rigima ya sasanta, baƙo in ya shigo a kai shi wajensa. To kai kuma sai gashi ka tara kuɗi a ƙasarsa bai sani ba, ka gyara ruwa ana ta sa maka albarka, yanzu har faɗan yaran da ake kai masa ya koma ƙofar shagonka. Ɗan abinda ya rage masa ka taɓa, ko da baka yi niyya ba. Gobe in hakimi ko dagaci ya tambaye shi wa ya tara kuɗi a unguwarka me zaice?

Ka je ka same shi, kuma kada ka tafi kai kaɗai, kada ka tafi da tawagar samari kamar masu zanga zanga. Ka roƙi liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya raka ka, bayan la'asar ko bayan isha lokacin da zaure ba cika. Ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa, ka ajiye ɗan goronka, kace ranka ya daɗe mun yi aiki da ƙuruciya, ya kamata ace daga nan muka fara bamu yi ba, a yafe mana, ga lissafin abinda aka tara ga abinda aka kashe mun kawo ka gani kafin kowa, sauran aikin da ke gaba kuma sai yadda kace. Kar ka kawo zancen an ce kace, ka barshi a inda ka ji shi. Ƙila ya ɗan yi maka faɗa, ya ja maganar, ya tuno maka kakanka da yadda akeyi a da, ka sunkuyar da kai kace Allah ya huci zuciyarka. Durƙusawa wada ba gajiyawa bane, balle wannan ba wada bane uban ƙasa ne a gurinku.

Akwai abinda na daɗe ina sha'awa a labarin ɗora Hajarul Aswad. Ƙuraishawa sun sake ginin Ka'aba, aka zo kan wa zai ɗora dutsen, kowace ƙabila tace ita ce, har an kusa zare takubba, sai aka yarda wanda ya fara shigowa shi zai raba gardama. Wanda ya shigo Muhammadu ne (SAW), yana da shekara 35, ba'a aiko shi ba tukuna, ba shi da sarautar komai a Makka, sunan Al-Amin kawai gareshi. An bashi wuƙa da nama, da ya ɗauka ya ɗora shi kaɗai babu mai cewa uffan tunda su suka yarda. Amma sai ya shimfiɗa mayafi ya ɗora dutsen a tsakiya yace kowace ƙabila ta kama gefe, suka ɗaga tare, sannan ya sa hannu ya daidaita shi a gurbinsa. Kowa ya koma gida yana cewa da mu aka ɗora. Kai a aikin burtsatsen nan wa ka bawa gefen mayafi? In za'a sake wani aiki mai unguwa ne zai sa a yi shela, shi zai buɗe taro, in an gama shi zai fara murɗa famfo, in 'yan ƙaramar hukuma sun zo shi zai yi magana kai kana gefe da littafi. Ruwan dai zai zuba ko da sunan wa aka kira.

Amma fa a kula, girmamawa daban miƙa jaka daban. In ka ga alamar ana so a ce a kawo kuɗin nan a ajiye a zaure, ko a fitar da wani kaso na manya, to nan ba gardama zakayi ba, tsari ne zai amsa a madadinka, kace ranka ya daɗe ai kuɗin a banki yake kuma sai mutum uku sun sa hannu yake fita. Mafi yawansu ma ba kuɗin suke so ba, a san da su kawai suke so.

Wannan ya kawo mu kan shawarar abokanka. Kafa ƙungiyar ba laifi bane, ina ma goyon baya, dan burtsatse abu ne da zai sake lalacewa, dole a samu asusu da sunan unguwa da masu sa hannu, kuma ƙungiyar taimakon kai da kai mai rijista tafi saurin samun kunnen ƙaramar hukuma akan mutum ɗaya da ya je da bakinsa. Inda na rabu dasu shine dalilin, wai a naɗa ka ciyaman kowa ya shiga taitayinsa. Da wane bulala? Ciyaman ɗin ƙungiyar unguwa ba ya kama kowa, ba ya cin tarar kowa, saurayin da ya ƙi fitowa yasar kwata yau ranar da ka zama ciyaman ma baccinsa zai yi, sai dai ƙari ɗaya, yanzu zai ce ai su ciyaman an samu abinda ake nema. Kuma masu cewa kansila kake so ka basu hujja a hannu. Manzon Allah (SAW) ya cewa Abdurrahman bin Samura kada ka nemi shugabanci, in an baka dan ka nema sai a barka da shi, in an baka ba tare da ka nema ba sai a taimake ka akansa. Ba wai karɓar muƙami haramun bane, Annabi Yusuf (AS) da kansa yace a ɗora shi kan taskokin ƙasa saboda ya san zai iya kuma ga yunwa na tafe. Abin dubawa shine me yasa kake so. In dan a rufe bakin masu magana ne to kujera bata rufe baki, ƙara buɗe shi take.

Dubi Khalid bin Walid a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira. Annabi (SAW) ya jera kwamandoji uku, Zaidu bin Harisa, in ya faɗi Ja'afar bin Abi Ɗalib, in ya faɗi Abdullahi bin Rawaha, duka ukun sukayi shahada, runduna ta rage ba shugaba a gaban Rumawa masu ɗimbin yawa. Khalid watanninsa kaɗan da musulunta, sunansa baya cikin jerin, amma shi jama'a suka yarda dashi ya karɓi tuta, a Bukhari ma lafazin ya zo cewa ya karɓe ta ba tare da an naɗa shi ba, kuma ya fitar da rundunar daga halaka. Wannan ɓangaren kowa na son ji. Ɓangaren da ya fi shafarka shine na baya, lokacin da Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Khalid bai naɗe tabarmarsa ya tafi gida ba, ya cigaba da yaƙi a ƙarƙashin wanda aka ɗora. To ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, in aka yi zaɓe gobe jama'a suka ɗauki wani malamin makaranta ko wani ɗan kasuwa a matsayin ciyaman, zaka fito da shebur ranar Asabar ko zuciyarka zata ce su je su yi mu gani? Ba ni zaka bawa amsar ba. In ka ji zafi a ƙirjinka da ka karanta wannan to akwai ɗan aiki a ciki, kuma ba abin kunya bane, duk wanda aka fara yabo sai ya ɗanɗana wannan.

Ni da zaka ji tawa, a kira taro da sunan mai unguwa, shi da liman su zama iyayen ƙungiya, jama'a su zaɓi shugabanni da bakinsu, a sa wa'adi shekara ɗaya ko biyu, ma'aji ya zama wani dattijo mai sana'arsa wanda ba abokinka ba. Kada kayi kamfen, kada ka tura yaranka su yi maka. In suka dage sai kai, bismillah ka karɓa. In suka baka sakatare ko jami'in ayyuka ma ya ishe ka, a irin waɗannan ƙungiyoyin dama mai littafi da mai bin aiki sune injin. In kuma can ƙasan ranka kana sha'awar kansilan ne da gaske, ba zunubi bane, unguwa na buƙatar kansila mai tausayi, amma ka fito fili ka faɗa in lokaci yayi kuma ranar ka ajiye duk wani abu da ya shafi kuɗin jama'a. Abinda mutane basa yafewa shine su gane daga baya cewa ruwan da suka sha tallan takara ne. Malam Aminu Kano ya riƙe muƙamai kam, yayi ɗan majalisa yayi kwamishinan tarayya, amma bai taɓa gwamna ba, takarar shugaban ƙasa ta 1979 ma bai ci ba, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, har yau ba muƙaman nan ake tuna shi dasu ba. Ka tsayar da mutum goma a titi kace su lissafo maka ciyamomin ƙaramar hukumarsu na shekara 20 da suka wuce ka ga inda zasu tsaya.

Yanzu samarin da suka rage fitowa, kada ka yi saurin cewa lalaci ne ko an zuga su. Aikin farko ƙishirwa ce ta fito dasu, kowa uwarsa ko matarsa na wahalar ruwa. Yanzu ruwa ya samu, abinda ya rage aikin wane ne, sunanka ake kira su kuma laka suke kwasa. Sannan ka duba su waye, ɗan adaidaita da ke da balans a wuyansa kullum, ɗan acaɓa, lebura, mai wankin mota, in ka kira shi aiki da safe zuwa azahar cinikin ranar ka cinye masa. Kakanninmu da suke gayya a gona sun san wannan, shi yasa gayya bata tafiya haka kawai, mai gona zai dama fura ko kunu a kai, makaɗa suna bin bayan manoma suna kiran sunan kowane saurayi suna zuga shi, kuma kowa ya san in an yi taka yau gobe za'a yi tasa. Ci da yabo da ramuwa, in ka cire ukun nan ko a ƙauye babu mai fitowa. Kai wanne ka tanada? Ko ruwan leda da ƙosai ne a fitar daga asusu a rubuta, aikin kada ya wuce awa biyu, a haɗa shi da safiyar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata tunda dama ba'a zirga zirga, in an gama a tura hotuna gurup da sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, naka ya zo ƙarshe ko ma kar ya zo. Ranar da ɗayansu ke da suna ko rashin lafiya ko katangar gidansu ta faɗi, ku ne farkon zuwa.

Kuma ka daina kiran aiki da sanarwa. "Gobe kowa ya fito ƙarfe bakwai" a gurup magana ce ta mai iko, kai kuma baka dashi. Ka taka ka samu mutum a inda yake zama, kace wane kwatar layinku ce ta toshe ya kake gani za'ayi, wace rana ta fi muku? Mutum baya ƙin fitowa aikin da shi ya sa ranarsa. Allah ya cewa Annabinsa a Ali Imrana aya ta 159 da ka kasance mai kaushi mai busasshiyar zuciya da sun watse daga gefenka, sannan ya umarce shi ya yafe musu ya nema musu gafara ya shawarce su cikin al'amari. Wanda wahayi ke sauka gareshi kenan aka ce yayi shawara.

Ka raba aikin ma gaba ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ba waziri bace ba hakimi ba, amma karatun da ta shimfiɗa ya shiga ƙauyukan da ƙafarta bata taka ba, saboda ta zaɓi mata dattijai ta naɗa su jaji, ta basu malfa a matsayin alama, su ke jagorantar 'yan taru su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, tsarin ya rayu bayan ranta. Kowane layi a unguwarku a samu mutum ɗaya da zai zama shi ake tambaya, ba kai ba. Kuma dan Allah ku sa mata a ciki, abin mamaki ne ace maza zalla ke zaman shawarar ruwa alhali matan ne suka san ƙarfe nawa tanki ke ƙarewa, wane famfo ke yoyo, yaran wane gida ke wasa da kan famfo. A samu dattijuwa biyu da matan unguwa ke jin maganarsu, in za'a sa ɗan kuɗi kaɗan akan jarka dan asusun gyara su zasu faɗa maka abinda gidaje zasu iya da gidan da ya kamata a ɗauke wa.

Faɗan yara da rigimar maƙwabta da na miji da mata kuwa, cire hannunka yau ɗin nan. Duk wanda ya kawo maka kace wannan ta gaban mai unguwa ce, mu je in raka ka. Babu abinda zai wanke ka a gurin dattijon nan da sauri kamar ya ga kana turo masa mutane. Balle maganar an kama ɓarawo, wannan ko kusa, ka san yadda taron samari ke rikiɗewa cikin minti ɗaya, in aka taɓa ran wani sunanka za'a fara kira tunda kai ne "shugaban matasa" a bakin kowa, kuma babu takardar da zata kare ka. A kira mai unguwa a kira 'yan sanda. Kai ruwa da kwata ka sani.

Maiɗakinka kuma kada ka ɗauki maganarta a matsayin rashin son alheri, ita ce ke ganin abinda aikin nan ke ci a gida. Kuɗin da ka cika daga ina ya fito, ba daga cefane ba? Awannin da kake bin gidaje keken waye ke tsaye? Ku teloli dama an san ku da "gobe in sha Allah" (kar ka ji haushi, duk mun sha zaman benci a jajibirin sallah), to in kana gyara ruwan unguwa amma kayan mutane na kwana wata a shagonka, wanda ka saɓawa alkawarin ɗinki ba zai yarda da alkawarinka na sumo ba, mutum ɗaya ne a idonsa. Hadisin da yace dukkanku makiyaya ne kuma kowa za'a tambaye shi abin kiwonsa ya ambaci namiji da iyalan gidansa ƙarara, wannan kiwon an naɗa ka akansa da shaidu da sadaki, na unguwa kuwa sa kai ne. Ka zauna da ita ku yanke, yini kaza a wata na unguwa ne sauran na shago da gida, kuma ba zaka sake cika ko naira ba sai ta sani kuma an rubuta, kyauta ce ko rance. Zagi kuma ba zai ƙare ba, ka gaya mata gaskiya, babba juji ne, sai dai in lissafi na manne a bango zagin baya kama jiki.

Ka fara da takardar lissafin a satin nan, ka kaita zaure kafin ta je masallaci ko gurup, taron ƙungiya ya biyo baya ba gaggawa. Sannan ku sa mai gyara ya duba dalilin da yasa tsohon sumon ya ƙone tun farko, sau da yawa ƙarancin ƙarfin wuta ne ko a barshi yana ja alhali ruwa ya ja baya a rijiyar lokacin rani, akwai na'urar kariya da ake haɗawa tana kashe shi da kanta, kuɗinta bai kai kusa da na sabon sumo ba, in ba haka ba baɗi war haka zaku sake bin gidaje kuma karo na biyu ya fi wuya. Makullin ɗakin injin ma a yanka guda biyu, ɗaya a gidan mai unguwa ɗaya gurin wanda ke kunnawa da kashewa, kada ko ɗaya ya kwana a shagonka.